Baƙin da Suka Cinye Tafkin Duwaila

Duk uban da ya ga 'yarsa ta dawo daga tafki da jan abu a jikin filafilinta, to ya shirya, fitina na tafe. Ranar da Tasalla ta jingine nata a bakin zaure, na ga bakinsa ja-ja kamar an daka murjani a kai, na san tamu fitinar ta iso.

Mu mutanen Tungar Bado masunta ne, tun kakanni muke zaune a bakin Tafkin Duwaila. Muna da doka guda da ko yaro ya sani: duk abin da yake ja a bakin ruwa, na mutanen ruwa ne. Jan ƙyalle Sarkin Ruwa yake ɗaurawa a jikin ciyawar burgu in ya rufe kamun kifi, jan zakara ake kai musu in za a buɗe. Ba a taɓa ja, ba a ko nuna shi da yatsa.

To, a 'yan shekarun nan sai wani jan abu ya fara fitowa a jikin ciyawa da kututture da gefen jirage, curi-curi, ko da yaushe a saman ruwa kaɗan. Sarkin Ruwa Jatau ya duba, ya ce murjanin mutanen ruwa ne suke shanyawa, kowa ya kauce. Muka kauce. A wannan lokacin ne kuma wani irin dodon koɗi ya bayyana a tafkin, babba kamar dunƙulen hannu, bawonsa ruwan zinariya. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Bado ya ƙare, kainuwa ta ƙare, shinkafar fadama in an dasa ta sai a wayi gari ba ko ganye. Ruwan da a da muke hango yashin ƙasansa ya koma kore, karfasa ta yi wuyar samu.

Tasalla ita ce autata. Sana'arta tonon bado da kiwon agwagi, kuma tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu ta wuce ba ta leƙa ba.

Na ce, “Me kika taɓa?”

Ta ce, “Ƙwai ne, Baba. Na tsaya na gani da idona. Ya fashe, 'ya'yan koɗi suna zuba cikin ruwa kamar tsaba. Sai na kankare sauran, na tura su ƙasa.”

“Kin kankare.”

“Na kankare.”

Uwarta Kandala tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, “Zauna, Nomau, kafin ka faɗi. Kai tun da aka haifi yarinyar nan kake jiran ranar da za ta halaka. Ko kaza ta bi ta da gudu sai ka ce a kira mai magani.”

Amma wannan karon tsorona bai tashi a banza ba. An gan ta, an kai wa Sarkin Ruwa labari. Ya zo da kansa, ya zauna a kan turmi.

Ya ce, “Nomau, ka san ba ƙin 'yarka nake yi ba. Amma doka ta girme ni. Gobe da hantsi za a kai ta Idon Ruwa, ta ba mutanen ruwa haƙuri da bakinta. In sun sako ta, tamu ce. In sun riƙe ta, tasu ce.”

Tasalla ta durƙusa ta ce, “Allah ya ja zamanin Sarki, zan je. Dama akwai tambayar da nake so in yi musu.”

Na ce ƙafata ƙafarta.

Idon Ruwa yana tsakiyar tafkin, wuri ne baƙi wuluk da ruwa ke juyawa. Muka hau goran kamun kifi guda, ita a gaba ni a baya, jama'a suna kallo daga cikin jirage. Muna isa, goran ya juya, ya sake juyawa, ruwa ya buɗe kamar bakin rijiya, muka tafi ƙasa. Na rufe ido ina karanta abin da na iya. Da na buɗe, sai ga mu tsaye a kan yashi, muna numfashi kamar a tudu, a gaban wata ƙofa ta farin ƙashin kifi wadda tsayinta ya fi giginya.

A bakin ƙofar wata tarwaɗa ce kwance, tsawonta ya kai jirgin fito, gashin bakinta fari fat har ƙasa.

Tasalla ta ce, “Salama alaikum, Kaka mai tsaron ƙofa.”

Tarwaɗa ta ce, “Amin, alaikumus salam, 'yan tudu. Mutum biyu na gani, ƙofar nan kuwa bakin mutum ɗaya take bari ya wuce. Wanne ne zai yi magana a cikinku?”

Na buɗe baki zan ce ni ne uba, Tasalla ta riga ni. “Nawa ne, Kaka. Ni na yi laifin.”

“To, ka ji, dattijo. Ɗauki tsakuwar nan ka sa a bakinka. Daga nan har ku koma tudu, in kalma ɗaya ta fito maka, ko ta tsoro ko ta roƙo, ruwa zai tuna cewa ku ba kifi ba ne. Ku biyun duka.”

Ni da ba na iya barin yarinyar nan ta je rijiya ban bi ta da gargaɗi ba. Na sa tsakuwar, sanyinta ya ratsa min haƙora, muka wuce.

Bayan ƙofar aka ce dajin bado yake, wanda kakanninmu ke ba da labari, mai jijiyoyi kamar ginshiƙan masallaci. Ba mu tarar da daji ba. Fili muka tarar, iyakar ganin ido, shimfiɗe da katantanwar koɗin da suka mutu, wasu sun farfashe, kaifinsu kamar aska. Ban yi nisa ba wata ta shige min tafin ƙafa. Ihun ya taho har maƙogwaro, na danne shi da tsakuwa, hawaye suka zubo. Tasalla ta waiwayo, ta cire gyalenta, ta yaga shi biyu, ta naɗe min ƙafafu. Ita kuwa ta shiga gaba, tana share hanya da filafili, tana cewa, “Taka inda na taka, Baba.” Na tuna ni na koya mata tafiya, da irin wannan maganar.

Da muka fita filin, sai muka faɗa cikin wani koren duhu. Ruwan ya yi kauri kamar miyar kuka, ko hannunka ba ka gani. Muka yi ta lalube har muka rasa gabas da yamma. Can sai muka ji motsi, wasu 'yan ƙananan kifaye suka taho a guje suna bugun ƙafafunmu, a bayansu giwan ruwa ya buɗe baki. A da cikin ciyawa suke ɓuya, yanzu ba ciyawa. Tasalla ta tsuguna, ta kifa ƙwaryar da ta taho da ita a kansu, ta zauna a kai.

Giwan ruwa ya tsaya, idonsa kamar faifai. Ya ce, “'Yar tudu, abincina kika zaune.”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, in ka cinye waɗannan yau, baɗi me za ka ci? Su ne suka rage.”

Ya zagaya mu, inuwarsa ta rufe mu, sannan ya ce, “Da can sai na yi farauta kafin in ci. Yanzu a fili nake tsintarsu, kuma kullum raguwa suke. Tashi, na bar miki.” Ya juya ya ɓace.

Ta ɗaga ƙwaryar, sai ga wata karfasa ta fito daga duhun, ta buɗe baki, 'ya'yan nan suka shige ɗaya bayan ɗaya, ta rufe. Uwarsu ce. Ba ta iya yi mana godiya ba, don bakinta cike yake da 'ya'yanta, in ta buɗe za su zube. Ta dube ni, na dube ta, kumatunta a kumbure, nawa a kumbure. Ban taɓa jin wani mahaluki ya fahimce ni kamar kifin nan ba. Ta kaɗa wutsiya ta shiga gaba, muka bi ƙyallin jikinta har duhun ya yaye.

Sai ga birnin mutanen ruwa. Ganuwarsa ta farin dutse ce mai ɗaukar ido, soraye a jere, kowanne da tulluwa kamar an kifa ƙoƙon azurfa. Amma duk inda ka duba, a bango, a ƙofa, a kan rumfunan kasuwa, koɗi ne manne, suna tafiya a hankali, ba ka jin komai sai ƙarar cinsu, kamar yayyafi a kan kwano. Mutanen birnin dogaye ne, fatarsu tana sheƙi kamar cikin kawa, sai dai duk sun rame. Abin da ya fi ba ni mamaki, in ɗayansu ya zo wucewa ya tarar da koɗi a hanya, sai ya rusuna ya ce, “Sannu da hutawa, baƙo,” ya kewaye shi.

Aka kai mu fada. Magajiyar Ruwa tana zaune a kan karagar da aka saƙa da jijiyar bado, an cinye rabinta. Gashinta yana yawo a bayanta kamar hayaƙi, fuskarta ta tsufa da yunwa, amma zamanta na sarauta ne. A damanta, a kan shimfiɗar girmamawa, Uwar Koɗi ce. Girmanta ya kai rumbu. Bawonta zinariya ne mai zane-zane, yana murɗawa har sama, ƙahonninta biyu suna lilo a hankali. Duk da ɓarnar da ta yi mana, ban taɓa ganin halitta mai kyanta ba. A gabanmu aka kawo wa Magajiya akushi da ɗan ganye a ciki, ta ɗauka da hannunta ta ajiye gaban Uwar Koɗi, ita ba ta ci ba.

Tasalla ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta ce, “Allah ya ja zamanin Magajiya. An aiko ni in ba da haƙuri, don na taɓa murjaninku da kuke shanyawa a bakin ruwa.”

Magajiya ta ce, “Wane murjani, 'yar tudu?”

“Jan nan da ke jikin burgu, ranki ya daɗe.”

“Ba mu da komai a saman ruwa. Tun alkawarin da muka yi da kakanninku, abin da ke ƙasan ruwa namu ne, abin da ya ɗaga sama ko da kamu ɗaya ne, naku ne. Muna hango jan abin nan daga ƙasa. Mun ga kuna kewaye shi da jiragenku, kuna sunkuyar da kai, muka ce lallai abu ne mai daraja a wurinku.”

Tasalla ta ce, “To, ranki ya daɗe, ga tambayata. Me ya hana ku korar masu cinye muku gari?”

Fadawa suka yi gunaguni. Magajiya ta ɗaga hannu. “Kora? A jikin jirginku suka zo, manne a ƙasansa, daga wani ruwa mai nisa. Wanda maƙwabci ya kawo har ƙofarka, baƙon maƙwabci ne. Mun ba su ruwa sun sha, mun ba su abinci. A dokarmu, wanda ya ci a gidanka ba ka korarsa, ba ka ɗaga masa hannu, ko da zai cinye rufin ɗakinka. Mun yi haƙuri ne saboda ku.”

“Mu ma saboda ku muka yi haƙuri,” in ji Tasalla. “Ƙwansu ne muke gadi, muna cewa naku ne.”

Wani tsohon bafade ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hannu biyu.

Sai Uwar Koɗi ta motsa. Muryarta a hankali take fita, kamar ana jan dutsen niƙa.

“Magajiya, na ci abincinki, ina da haƙƙin kai ƙara. Yarinyar nan ta faɗa da bakinta. 'Ya'yana ta tura cikin ruwa, ƙwaina kuwa in ya nutse ba ya ƙyanƙyashewa, shi ya sa nake hawa sama in ajiye shi. Ta kashe 'ya'yan baƙuwarki. A ba ni ita.”

Nan ne tsakuwar ta yi min nauyin dutse. Maganganu suka cika min ƙirji: a ɗauke ni a madadinta, yarinya ce, ba ta sani ba. Har leɓɓana sun rabu, na ji sanyin ruwa ya taɓa min hanci. Tasalla ba ta waiwayo ba, hannu kawai ta miƙo baya ta kama yatsana, kamar yadda take yi tana ƙarama in za mu tsallake kwata. Na rufe baki.

Ta ce, “Gaskiya kika faɗa, Uwar Koɗi, na tura su. Amma ina tambayarki, a garinku haka kuke cinye komai?”

Ƙahonnin suka tsaya. “A garinmu akwai tsuntsu mai lanƙwasasshen baki, akwai kunkuru, akwai masu cin 'ya'yana tun ba su yi ƙwari ba. In na haifi dubu, kaɗan ke girma. Don haka nake haihuwa da yawa. Ban roƙi kowa ya kawo ni nan ba. Na zo na tarar ba mai taɓa ni, ni kuwa ban san yadda ake rage haihuwa ba.”

“Mun ratso wani fili a hanya, cike da bawo. Su wa ke kwance a can?”

Uwar Koɗi ta ce, “'Ya'yana ne.”

“Ni na kashe su?”

“Yunwa ce.”

“To, nawa filafilin ya kashe, nawa yunwa ta kashe? Ganyen da Magajiya ta ba ki yanzu, na ga daga karagarta aka tsinko shi. In karagar ta ƙare fa?”

Uwar Koɗi ta janye kanta cikin bawo, har muka zaci ta gama magana. Can ta fito ta ce, “Na janye ƙarata. Amma kada ku ce na yi muku alkawari. Zan ci gaba da hawa ciyawa ina ajiye ƙwai, don haka aka halicce ni. Ku kuma ku yi abin da tsuntsayen garinmu suke yi. In kun gaji, zan cinye tafkin nan har laka.”

Magajiya ta miƙe tsaye, duk fadar ta miƙe. Ta ce, “Ga hukunci. Baƙuwata tana nan a matsayinta, ba mai ɗaga mata hannu a cikin mutanena. Abin da ke saman ruwa na 'yan tudu ne, su yi yadda suka ga dama da shi. Gefen tafki inda ruwa bai wuce gwiwa ba, na ba su aro, su sako agwaginsu. Ke kuma 'yar tudu, ba ki taɓa komai namu ba, kina iya tafiya. Sai dai na san ku da mantuwa. Za ku yi aikin wata guda, kifi ya ɗan dawo, ku koma barci. Zan riƙe jingina.”

Ta miƙa hannu ta shafi fuskar Tasalla, ta zare wani abu mai kama da siririn mayafi, ta naɗe shi ta sa a cikin kawa ta rufe.

“Inuwarki ta cikin ruwa ce. Ranar da bado ya yi fure a Idon Ruwa, zan mayar miki. In damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce bai yi ba, inuwar za ta kira mai ita, kuma za ki zo.”

Tasalla ta ce, “Na yarda, ranki ya daɗe.”

Ruwa ya ɗauke mu ya yi sama. Muka ɓullo a kan goranmu, rana ba ta ko kai tsaka ba, jama'a suna nan cikin jirage. Na tofar da tsakuwar. Duk maganar da na tara tun daga ƙofar tarwaɗa, abin da ya fito kawai shi ne, “Ƙafarki ba ta yanke ba?”

Kandala ta ce daga cikin jirgi, “Kun ji shi. An dawo masa da 'ya daga ƙasan ruwa, shi ƙafa yake tambaya.”

Tasalla ta ba da labari. Wasu suka ce ruwa ne ya juya mata kai. Sarkin Ruwa Jatau ya sa aka kawo ƙwarya cike da ruwa, ya ce ta leƙa. Ya leƙa tare da ita. Fuskarsa ta fito, da rawaninsa, da sararin sama. Inda tata za ta fito, ba komai.

Tsohon nan ya karɓi filafilin daga hannunta, ya tuƙa zuwa bakin burgu, inda jan ƙwai ya fi yawa. Tun yana yaro bai taɓa ganin an taɓa ja ba. Ya ce, “Ni na hana, ni zan fara.” Ya kankare curi guda, curin ya faɗa ruwa. Muka jira. Ba abin da ya faru, sai wata tarwaɗa da ta kaɗa ruwa can nesa.

Daga ranar aikin ya zama na kowa. Da safe kafin a je duba komar kamun kifi, sai an bi gefen tafki da filafili. Mata suna tsince manyan a kwando, a dake su a ba agwagi, agwagin Tasalla kuwa suka yi ƙiba har ba sa iya gudu. Sarkin Ruwa ya ƙara doka: duk jirgin da ya fito daga wani ruwa, a kife shi a tudu ya sha rana, a kankare ƙasansa, kafin ya taɓa Duwaila. Da kifi ya ɗan dawo, mutane suka fara sanyi, kamar yadda Magajiya ta faɗa. Tasalla ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ƙwaryar ruwa take ɗauka ta zauna a bakin hanya, duk wanda ya zo wucewa ya ga ruwan ba fuska, sai ya koma gida ya ɗauko filafili.

Damina ta farko ta wuce, Idon Ruwa ba ko ganye. Na daina cin abincin kirki. Ta biyu ta kama, ta yi nisa, har gero ya fara fitar da kai. Kullum da hantsi nakan tuƙa in je in duba, in dawo. Wata safiya na hango wani farin abu a kan baƙin ruwan, na zaci belbela ce. Da na matsa, fure ne, guda ɗaya tal, a buɗe.

Na tuƙo gida kamar ana bi na. Na tarar da Tasalla a sunkuye a bakin randa za ta ɗebi ruwa, ta tsaya da moɗa a hannu, ba ta motsi. Na leƙa ta bayan kafaɗarta. Ga ta nan a cikin randar, da 'yar tsagarta ta kumatu, tana kallonmu.

Ta ce, “Baba, ashe na rame.”

Na ce, “Ni ma haka na gani,” sannan na zauna a ƙasa kusa da randar.

Koɗin suna nan, ba su ƙare ba, kowace safiya akwai sabon ja a jikin burgu, muna kankarewa. Har yau ba mu san jirgin wa ya kawo su ba, ba mu kuma san daga wane ruwa suka fito ba. Akwai kogin da ke fita daga Duwaila ya yi kudu, ya ratsa garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Ba mu san iya inda koɗin suka kai a cikinsa ba, ba mu kuma san ko mutanen can sun gane cewa ƙwai ne ba.